Mu Ne Kasuwar Farko Ta Mai Gyaran Kekenmu

'Yan'uwa manoma, ran 29 ga Mayu 2023 ne Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, tun daga ranar kuwa tafiya ta zama abu mai tsada a ƙauyukanmu. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba na 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Mai babur ya fara yin lissafi kafin ya tada inji. Ɗan acaba ya ƙara kuɗin kai buhu kasuwa. Sai ga shi mutane sun shiga sauko da kekunan da aka jingine a bayan rumbu, waɗansu tun zamanin iyayenmu.

Keke ba baƙo ba ne a wurinmu. Da shi masu bishara na dā suka ratsa duwatsu da rafuffuka suna kai Magana, da shi malaman gona suka zaga, da shi kuma aka kai amare da yawa kayan ɗaki. Har masana'antar haɗa keken Raleigh an yi a Kano. Abin da ya ragu shi ne masu gyara. Tsofaffin masu faci da yawa sun tsufa ko sun rasu, yaransu kuwa sun koma gyaran babur a gari. Yau idan sarƙar keke ta tsinke a ƙauyen da ke nesa da titi, sai mai shi ya tura shi tafiyar rabin yini, ko ya jira ranar kasuwa, ko kuwa ya sake jingine shi.

Saboda haka ne muke murna da samarin da suka fara tunanin sana'ar gyaran keke ta yawo, wato mutum ya ɗaura akwatin kayan aiki a kariyar kekensa, ya bi ƙauyuka yana gyara, maimakon ya zauna a gindin itace yana jiran a kawo masa. Amma tambayar da ke hana su farawa ɗaya ce: wa zai ba ni aiki a watannin farko, kafin a san ni? Ra'ayinmu shi ne, amsar tana hannun ƙungiyoyinmu na gama kai. Masu ba shi aiki na fari ba a gari suke ba, ba kuma allon talla ne zai kawo su ba. Mu ne. Sai dai akwai hanyar da za mu tsaya masa ya tashi, akwai kuma hanyar da za mu rungume shi har ya shaƙe. Bari mu duba su duka biyu.

A fara da ƙidayar kekuna

Saurayi mai sabuwar sana'a yakan kashe ɗan jarinsa a kan fenti da allo da kayan da ya ga suna da kyau a kanti. Mu kuwa muna cewa, kafin ya sayi ko noti ɗaya, a ƙidaya kekunan da ke akwai. Wannan aiki ne mai sauƙi ga ƙungiya, gama sakatare yana da sunayen membobi a littafi. A taro na gaba sai a tambayi kowa: kekuna nawa ne a gidanka? Nawa ke tafiya, nawa ke kwance? Mene ne ya kwantar da shi? Wane iri ne?

Tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai. Tsohon keke irin Raleigh ko Phoenix yana da taya mai inci 28 da birkin ƙarfe. Kekunan gwanjo masu giya da yara ke so yawancinsu tayarsu inci 26 ce, birkinsu kuma na waya ne. Tayar wannan ba ta shiga wilin wancan. Idan saurayi ya cika akwatinsa da tayar inci 26, ya iso ƙauyen da kusan kowa ke da babban keke, ya ɗaure kuɗinsa a banza, zai kuma juya bai yi aiki ba. Ƙidaya ita za ta faɗa masa abin da zai saya.

Ƙidayar tana da wani amfani kuma. Takardar nan da sakatare ya rubuta, ita ce jerin masu ba da aiki na fari. A ce misali ƙungiya tana da membobi 60, aka tarar da kekuna 45, 20 daga ciki suna kwance. To, ga aiki 20 nan a fili tun ba a fara ba, kowanne da sunan mai shi da gidansa da ciwon da ke damunsa. Idan akwai ƙungiyoyi huɗu ko biyar a gunduma ɗaya, kowa ya iya lissafin abin da hakan zai bayar. Saurayin da ya riƙe wannan takarda ya san inda zai nufa ran Litinin da safe, ba sai ya yi ta buga ƙararrawa a hanya yana fata ba.

Rana tsayayya, wuri tsayayye

Mai yawo yana da ciwo guda wanda mai zama ba shi da shi: ba a san inda za a same shi ba. Mai faci na bakin kasuwa, ko makaho ya san gindin itacensa. Mai yawo kuwa idan yau yana gabas, gobe yana yamma, ba tsari, mutane za su gaji da nemansa su koma wa abin da suka saba. Maganin wannan shi ne ya kasa makonsa, kowane ƙauye da ranarsa, kada kuma ya saɓa. Litinin nan, Talata can, har Asabar. Lahadi ta Ubangiji ce, ya huta.

Mu manoma mun riga mun san amfanin wannan tsari, gama haka kasuwanninmu ke ci. Ba wanda ke aika wa mutane takarda cewa Juma'a ce kasuwar Mangu. Kowa ya sani, domin ba ta taɓa canjawa. Haka ya kamata ranar mai gyara ta zama. A makonnin farko zai yiwu ya zo ya zauna, keke biyu kaɗai a kawo masa. Kada ya ce ba riba ya ƙi dawowa. Mutanen ƙauye suna kallo ne su ga ko zai sake zuwa. Idan suka gan shi mako huɗu a jere, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, sa'an nan ne za su fara cewa da juna, "Bari sai ran Laraba, yaron nan zai zo."

Wurin da zai zauna kuwa, ƙungiya ta ba shi. Inuwar da ke gaban sito, ko bakin injin niƙa, ko kusa da rijiyar burtsatse, duk inda mutane suka riga suka saba taruwa da kekunansu. Ranar rabon taki, ranar awon hatsi, ranar adashi, ranar da malamin gona zai zo: waɗannan ranaku ne da kekuna ke cika fili, masu su kuma suna zaune suna jira. A bar shi ya shimfiɗa buhunsa a gefe. Wanda ya ga an miƙe wilin maƙwabcinsa a gaban idonsa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Gani ya kori ji.

Waya tana da amfani, ya rubuta lambarsa a jikin akwatinsa da bangon sito. Amma kada ya dogara gare ta kaɗai. Akwai ƙauyukanmu da sai an hau tudu ake samun sabis, akwai kuma tsofaffi masu keke da ba su riƙe waya. Sanarwa ɗaya bayan sujada, daga bakin dattijon da ake girmamawa, ta fi saƙon waya ɗari.

Su wa zai fara nema

Ba kowane mai keke ne ke da bukata iri ɗaya ba. Wanda ke hawa sau ɗaya a wata zai iya haƙuri da birki maras kyau. Wanda abincinsa ko aikinsa ke kan keke ba zai iya ba. Irin waɗannan ne ya kamata a fara nema, gama su ne za su riƙa dawowa.

Na fari su ne ma'aikatan Ikkilisiya. Mai bisharan da ke lura da majami'u biyu ko uku a ƙauyuka dabam dabam, kekensa ƙafarsa ne. Muna ba da shawara majalisar Ikkilisiya ta sa gyaran kekunan ma'aikatanta cikin kasafin shekara, ta ɗauki saurayin nan ya riƙa duba su duk wata uku, ta biya shi daga baitulmali. Wannan kuɗi kaɗan ne ga Ikkilisiya, amma ga mai sabuwar sana'a ginshiƙi ne, domin ya san akwai abin da zai shigo ko da kasuwa ta yi sanyi. Ga shi kuma duk inda mai bishara ya je da keke mai tafiya sumul, za a tambaye shi wanda ya gyara.

Na biyu su ne 'yan makaranta. Yaran da ke tafiya kilomita biyar ko fiye zuwa makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo, kekunansu ne suka fi shan wahala, gama sukan hau biyu biyu, ba sa kuma zuba mai. A nemi izinin shugaban makaranta, a zauna a bakin ƙofa rana ɗaya a mako. Yaro ya ajiye kekensa da safe, ya ɗauka da aka tashi. Iyaye su aiko da kuɗin.

Na uku su ne mata. Sau da yawa ana mantawa da su a irin wannan lissafi, alhali a wurare da yawa su ne ke kai niƙa, su ɗauko ruwa da itace, su kai kayan lambu kasuwa. Mace ba ta cika son tsayawa cikin taron maza a bakin kasuwa tana ciniki da bakanike ba, ba ta kuma da lokacin tura keke zuwa gari. Mai gyaran da zai zo harabar majami'a ranar Zumuntar Mata, ya gyara kekuna sa'ad da suke ciki suna taronsu, ya sami masu ba da aiki waɗanda ba wanda ya taɓa nema. In kuwa Zumunta ta yarda da aikin mutum, labarinsa zai kai gunduma duka kafin wata ya ƙare.

Na huɗu su ne 'yan tireda da masu sayen hatsi na ƙauye, da masu kai gawayi, ƙwai ko dankali bakin titi. Su ne ke ɗora wa keke nauyin da ya fi ƙarfinsa, sifokinsu na baya kullum cikin tsinkewa yake. Sun kuma san darajar lokaci, suna biya.

A nan sai mu faɗi wata magana a fili. Ƙungiya ita ce mafari, amma ba ita ce iyaka ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna da kekuna, Fulanin da ke ruga suna da su, waɗanda ba sa zuwa sujada ko'ina suna da su. Idan saurayinmu ya zama mai gyaran 'yan Ikkilisiya kaɗai, sana'arsa za ta tsaya ƙarama, shaidarsa kuma za ta tsaya ƙarama. Ya gaida mai unguwa kafin ya fara zama a kowane ƙauye. Farashinsa ya zama ɗaya ga kowa. A wuraren da aka sha tashin hankali, inuwar da Kirista da Musulmi za su zauna tare suna jiran a yi musu faci ba ƙaramin abu ba ce.

Lokacin farawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da ya fi dacewa a buɗe wannan sana'a shi ne kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da amfanin gona ya shigo, akwai kuɗi a hannu, ana kuma bukatar keke domin kwaso kaya. Lokaci na biyu shi ne bazara, kafin ruwa ya sauka, da kowa ke shirin gona. Wanda ya fara a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi kuma ya tafi taki da 'yan ƙwadago, zai sami aiki amma ba zai sami biya ba.

Kowane lokaci kuma da irin aikinsa. Da rani ƙaya ce ke huda taya, ƙurar hunturu kuma tana busar da sarƙa. Da damina laka da ruwa ne ke shiga cikin boris su wanke giris, su ci roban birki. Mai hankali zai riƙa faɗa wa mutane tun da wuri: kawo a zuba giris kafin ruwa, ya fi araha da sayen sabon boris bayan ruwa. Rigakafi ya fi magani, mun san haka a kan allurar kaji da awaki, haka yake a kan keke.

Bashi ne ke kashe ta

Yanzu mun zo kan abin da ya fi damunmu. Ƙananan sana'o'i da yawa a ƙauye ba rashin aiki ne ya kashe su ba, yawan aikin da ba a biya ba ne. Saurayi ya fara, kowa ya yi murna, kowa ya kawo nasa. Kawunsa ya ce, "Ai ɗana ne." Dattijon Ikkilisiya ya ce, "Allah ya yi maka albarka," ya hau ya tafi. Abokinsa ya ce sai ranar kasuwa. Shi kuwa kunya ta hana shi tambaya, gama yaya yaro zai bi bashi wurin wanda ya yi masa baftisma? Bayan wata uku faci ya ƙare, sholisho ya ƙare, ba kuɗin sayen wani. Sai a ji ya sayar da sifanunsa ya tafi gari yin acaba, a kuma ce yaran yanzu ba su da haƙuri.

Wannan ba ƙauna ba ce, ko da an kira ta zumunci. Shari'ar Musa, a Littafin Firistoci sura 19, ta hana a kwana da hakkin ɗan ƙwadago a hannu. In haka ne ga baƙo, balle ɗanmu. Manzo Bulus ma da sana'ar ɗinkin tanti ya ci abinci a Koranti, ba wanda zai ce kyauta ya riƙa yi.

Ga abin da muke ba da shawara. A rubuta farashin kowane aiki a allo, ƙungiya da mai gyara su yarda da shi tare, a rataye inda kowa zai gani: faci nawa, miƙe wili nawa, sa birki nawa, wanke boris da zuba giris nawa. A riƙa sake duba shi duk wata uku, tun da farashin kaya ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kuɗin kayan da za a sa, kamar taya ko sarƙa, a biya kafin a sa. Shugaban ƙungiya da fasto su ne za su fara biya, a gaban mutane, ranar farko. In aka ga babba ya biya, ƙarami ba zai ce shi ɗan'uwa ne ba.

Wanda ba shi da kuɗi a hannu amma yana da hatsi, ya auna wa ma'ajin ƙungiya masara ko dawa a farashin ranar, ma'aji ya ba mai gyara kuɗi. In kuwa akwai gwauruwa ko maraya da ba su iya biya, wannan nauyin Ikkilisiya ne, a biya daga asusun taimako. Ba daidai ba ne a ɗora jinƙan jama'a duka a wuyan yaro ɗaya wanda jarinsa bai cika akwati ba.

Shi ma mai gyara akwai nasa. Ya faɗi kuɗin aiki kafin ya kwance noti. Ya mayar wa mai keke tsohon abin da ya cire, domin a ga lalle ya canja. In facinsa ya buɗe cikin mako, ya sake yi ba kuɗi. Kada ya ɗauki keken mutum ya je yawo da shi. A ƙauye suna ɗaya mutum yake da shi, in ya ɓaci a ƙauye na fari, kafin ya isa na biyu labari ya riga shi.

Batun keken lantarki

An fara ganin kekuna masu batir a manyan garuruwa, tsadar mai kuma tana sa mutane tambaya a kansu. A ƙauyukanmu har yanzu ba su da yawa. Saboda haka muna cewa kada saurayi ya gina sana'arsa a kansu, kada kuma ya juya musu baya. Keken gargajiya ne zai ba shi tuwon yau. Na lantarki kuwa, wanda ya fara saninsa a gunduma shi za a riƙa nema sa'ad da suka yawaita.

Abin ƙarfafawa shi ne, yawancin ciwon keken lantarki ciwon keke ne kawai: hujin taya, birki, sarƙa, sifoki. Da yake ya fi nauyi, ya kuma fi gudu, yana cin birki da sauri, sifokin wilin da injin yake ciki kuma yakan saki. Duk waɗannan mai gyara ya riga ya iya. Abin da zai kula shi ne wayar da ke fitowa daga tsakiyar wilin, kada ya fizge ta sa'ad da yake cire taya. Ta wajen wuta kuma, sau da yawa matsalar ba ta wuce mahaɗin waya da ya saki, ko ya sha ruwa, ko fis da ya ƙone ba. Da 'yar mitar awon wuta za a gane da yawa. Batirin litiyam da aka rubuta wa bolt 36, in ya cika yakan nuna 42. Mai bolt 48 kuma yawanci yakan nuna wajen 54 da rabi. In an yi caji ya cika amma awo ya yi ƙasa da haka sosai, to ciwon yana wajen batir ne ko caja.

Amma akwai iyaka. Kada wanda bai koya ba ya buɗe batirin litiyam, gama in ya kama wuta yana da wuyar kashewa. Kada a yi caji da cajar da ba tasa ba. Kada a bar shi a rana, kada kuma a bar shi kan caji da dare a ɗakin ciyawa ko kusa da rumbu. Batirin da ya kumbura ko yake zafi fiye da kima, a fitar da shi fili nesa da gida. Batir shi ne abu mafi tsada a jikin keken, wanda ya lalata na mutum ɗaya zai iya rasa ribar watanni. Mai gyaran da ya ce, "Wannan ya fi ƙarfina, ga wanda za ka kai wa a gari," bai rasa mai ba shi aiki ba. Ya sami amincewarsa ne, gobe kuma shi zai kawo masa faci da birki.

Masu keken lantarki na fari a karkara galibi ma'aikata ne, kamar malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti, ko kuwa mai sola a gida. Su kaɗan ne, sun kuma san juna. A yi wa ɗaya aiki mai kyau, sauran za su zo. Yana da kyau kuma saurayi ya je ya gabatar da kansa ga mai sayar da irin waɗannan kekuna a gari mafi kusa. Mai kanti yana son ya iya ce wa ɗan ƙauye akwai mai duba masa a kusa, shi kuma saurayi yana bukatar inda zai sami kaya da wanda zai tambaya.

Abin da waɗansu za su ce

Wani zai ce, ai akwai tsohon mai faci a kasuwarmu, za mu cire masa abinci daga baki ke nan? Wannan magana ce mai nauyi, ba ma raina ta. Amsarmu ita ce, mai yawo ya bar wa tsoho kasuwarsa da ranarsa, ya nufi ƙauyukan da tsohon ba ya iya zuwa. Abin da ya fi ma shi ne ya zauna wurinsa ya koya tukuna, ya riƙa sayen kaya a hannunsa, ya kawo masa aikin da ya fi ƙarfin akwati, kamar walda ko miƙe bodi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wani kuma zai ce, don me ƙungiya za ta tsaya wa ɗan wane, ba ɗan wane ba? Domin kauce wa wannan, a yi abin a fili. A sanar, duk mai so ya fito, mace ko namiji. A ba kowa keke ɗaya da ya lalace ya gyara a gaban kwamiti. Wanda aikinsa ya fi, shi za a tsaya wa. In ƙungiya za ta ba da rancen kayan aiki, a rubuta, a sa shaidu, a yanka lokacin biya, kamar yadda ake yi da rancen taki. Tsayawar kuma ta zama ta wata shida ko shekara ɗaya. Bayan haka aikinsa ne zai riƙe shi.

Akwai kuma mai cewa zamanin keke ya wuce, kowa babur yake so. Gaskiya ne babur ya fi sauri, ya fi ɗaukar kaya, ba kuma muna cewa a yar da shi ba. Amma tafiyar kilomita uku zuwa gona, ko zuwa niƙa, ko makaranta, ba ta cancanci litar mai ba. Gidan da ke da keke mai lafiya yana ajiye babur domin doguwar tafiya da kai maras lafiya asibiti. Kuɗin da bai tafi gidan mai ba, shi ne kuɗin iri da na makaranta.

Game da tsaron hanya kuwa, ba za mu ɓoye ba, akwai yankunan da tafiya ke da haɗari. Mai gyara ya bi shawarar dattawa da 'yan banga, ya yi tafiyarsa da rana, gidansu su san ƙauyen da yake kowace rana. Wannan ma wani amfani ne na tsayayyen tsari.

Abin da muke roƙo

Muna roƙon kowane shugaba da sakatare su sa wannan batu cikin ajandar taro na gaba. Abu huɗu ne kawai: a ƙidaya kekuna, a zaɓi mai gyara a fili, a ba shi rana da inuwa, a kuma yarda cewa ba bashi. Ba a bukatar jiran gwamnati ko wani taimako daga waje domin a yi waɗannan. Littafin sakatare da alƙalami sun isa.

Kullum muna kuka cewa samarinmu suna gudu zuwa gari, gonaki suna komawa hannun tsofaffi. Saurayin da yake da sana'ar da ke kawo masa kuɗi kowane mako zai iya zama a gida, ya yi noma da damina, ya yi aure, ya yi hidima a Ikkilisiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar da ta gwada, ta aiko mana da labarin yadda ta kasance, da daɗi da wuya, domin sauran su ƙaru. Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanmu.